Ruwan 'ya'yan itace da giyar gida: ina ajalin yake ɓuya?

A watan Afrilun 2015 wata baƙuwar cuta ta ɓulla a garin Ode-Irele na Jihar Ondo. Mutum zai fara da ciwon kai, idonsa ya yi dishi-dishi, gani ya ɗauke, kafin a kwana a yini rai ya yi halinsa. Aƙalla mutum 18 suka tafi a haka cikin 'yan kwanaki. Wasu 'yan garin suka ce fushin abin bautarsu ne, aka kuma zargi maganin feshi, sai daga baya gwaji ya nuna gubar metanol ce a cikin ogogoro, wato barasar gargajiya mai ƙarfi, da suka sha. Ba a yi wata biyu ba irin haka ta auku a Jihar Ribas, inda aka rasa kusan mutum 70.

A ƙasar Jojiya kuwa, da ƙauyukan Italiya da Faransa, magidanta na matse inabi a bayan gida kowace kaka, su zuba a tulu ko ganga, su sha shekara guda, kuma ba a jin labarin makanta ko mutuwar farat ɗaya. Mutanen Jojiya har binne manyan tulunan ƙasa suke yi, sana'ar da masu binciken tarihi suka gano alamunta tun kimanin shekara 8,000 da suka wuce. To me ya raba wannan da wancan?

Hukuncin shan giya ga Musulmi ba abin da ake muhawara a kai ba ne, kuma tun da Zamfara ta buɗe ƙofa a 1999 jihohi 12 na Arewa suka ɗauki shari'a. Sai dai sanin yadda abin yake aukuwa bai zama sha ba. Ma'aikaciyar jinya da za a kawo wa mutum cikin dare tana bukatar saninsa. Mai maƙwabtaka da gidan burkutu yana bukata. Ita ma mai sayar da zoɓo tana bukata, ko da ba ta taɓa tunanin haka ba.

A jikin ɓawon kowane ɗan itace, da cikin iska, da kan hannun mutum, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Daga cikinsu akwai yis, dangin wanda ake sa wa burodi da fanke da alkaki su tashi. Abincinsa sukari ne. Idan ya sami ruwa mai zaƙi, da ɗumi, kuma iska ta yi ƙaranci, sai ya riƙa cin sukarin yana fitar da abu biyu: etanol, wato sinadarin da ke sa maye, da iskar kabon, wadda ita ce kumfar da ake gani tana tasowa. Kusan raba daidai ake yi, rabin nauyin sukarin ya koma etanol, rabi ya tashi a iska. Louis Pasteur na Faransa ne, daga 1857, ya tabbatar da cewa wannan aikin abu mai rai ne, ba lalacewa ce kawai da ke faruwa da kanta ba.

Lissafin ba shi da wuya. Kimanin giram 17 na sukari a lita ɗaya na ba da kashi 1 cikin ɗari na barasa. Ruwan lemun zaƙi ko na tuffa, mai sukari wajen giram 100 a lita, ba zai wuce kashi 5 zuwa 6 ba. Nunannen inabi na kai giram 200 ko fiye, shi ya sa giyarsa ke kai kashi 12 ko 13. Kuma akwai iyaka: idan barasar ta kai wajen kashi 14 zuwa 15, galibin yis yakan mutu a cikin abin da shi da kansa ya fitar. Komai yawan sukarin da aka ƙara, tsimi kaɗai ba zai kai kashi 40 irin na ogogoro ba. Wannan iyakar ita ce mabuɗin zancen gaba ɗaya.

Don a tsallake ta sai an ɗora tsimin a wuta an tattara tururinsa. Etanol na tafasa a digiri 78, ruwa sai 100, saboda haka tururin farko ya fi ƙarfi, a bi da shi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa. Haka ake samun ogogoro daga bammi a kudancin Najeriya, da akpeteshie a Ghana, da aragi daga dabino a Sudan, da chang'aa a Kenya. Dokokin ƙasashen da ke shan giya sun daɗe da raba waɗannan ayyuka biyu. Ingila ta sakar wa mutane mara su yi tsimi a gida ba tare da lasisi ba a 1963, Amurka ta halatta yin giyar sha'ir a gida a 1978, amma a dukkansu biyun kafa tukunyar turara barasa sai da izinin hukuma.

Yanzu ga maganar da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutane da yawa na ɗauka cewa idan aka yi kuskure wajen tsima ruwan 'ya'yan itace, sai ya rikiɗe ya zama metanol. Ba haka ba ne. Gaskiya ne akwai ɗan metanol a ciki, yana fitowa daga fektin, wato sinadarin da ke riƙe tsokar ɗan itace, har ma a ruwan lemun da aka matse yanzu ana samun ɓurɓushinsa. Amma ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai sa ido kan giyar inabi ta ƙayyade miligiram 400 a lita ga jar giya, 250 ga fara. Abin da ke iya makantar da mutum kuwa ya kai wajen mililita 10 na zallar metanol, mililita 30 na iya kisa. Ke nan ko da giyar ta kai ƙarshen iyakar da aka yarda, sai mutum ya shanye lita 20 a zama ɗaya kafin ya kai ga na makanta, kuma tun kafin nan ita kanta barasar ta gama da shi.

Galibin mace-macen da aka bincika, hannun ɗan Adam ne a ciki. Metanol na masana'antu, wanda ake amfani da shi wajen fenti da man goge-goge da makamantansu, ya fi etanol araha nesa ba kusa ba. Launinsu ɗaya, warinsu kusan ɗaya, harshe ba ya rabe su. Mai son riba ya tsiyaya shi cikin jarka don kaya su yi yawa su kuma yi ƙarfi, shi ke nan. Haka aka yi a Nairobi a shekarar 2000, inda sama da mutum 100 suka mutu. Haka aka yi a Jamhuriyar Cek a 2012, ƙasar da ke tsakiyar Turai da duk dokokinta, har da kwalabe masu tambarin bogi. A jihar Assam ta Indiya a 2019 wajen mutum 150 ne suka rasu, akasarinsu leburorin gonakin shayi.

Mugun halin metanol shi ne jinkirinsa. Da farko mai sha zai ji maye kamar kullum, ya je ya kwanta. A can ciki hanta na sarrafa shi zuwa wani asid mai suna fomik, wanda ke tsamar da jini ya kuma kai hari ga jijiyar gani. Sai bayan awa 12 zuwa 24, wani lokaci fiye, alamomi su bayyana: amai, ciwon ciki, numfashi sama-sama, gani kamar ana kallo ta cikin hazo. Abin mamaki, ɗaya daga cikin magungunansa a asibiti shi ne etanol ɗin kansa, domin yana shagaltar da hanta ta bar metanol har jiki ya fitar da shi. Akwai kuma allurar fomepizole, da wankin jini da na'urar wankin ƙoda. Duk waɗannan aikin likita ne da ma'auni. Manja da madara da ake ɗura wa mutum a gida ba sa taɓa gubar, lokaci kawai suke ci.

A nan akwai wata gaskiya mai ɗaci da ya kamata mu faɗa wa kanmu. A wuraren da aka haramta giya, wanda ya sha guba yakan ɓoye, 'yan uwansa ma su ɓoye, don gudun bulala da abin kunya, har lokacin ceto ya wuce. Libiya ta ga haka a 2013, lokacin da sama da mutum 1,000 suka sha gurɓatacciyar barasa a Tarabulus. Iran ta gani a 2020, inda fiye da 700 suka mutu bayan jita-jitar cewa barasa na maganin korona. Ra'ayina shi ne, duk wanda aka kawo asibiti yana cewa idonsa ya yi duhu bayan ya sha wani abu, a fara da ceton ransa, wa'azi da hukunci su biyo baya. Idan kuma su uku ne suka sha tare, a nemo sauran biyun ko da suna cewa lafiyarsu ƙalau.

Ba ina cewa tsimi marar turarawa ba shi da nasa haɗarin ba. Yana da shi, sai dai ta wata ƙofar yake shigowa.

Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ƙanƙantar lambarsa ke nuna ƙarfin tsami. Lambar da masana abinci ke riƙewa ita ce 4.6. Ƙasa da ita, ƙwayar cutar botulizim ba ta iya tsiro. Inabi, tuffa, abarba da lemu duk suna ƙasa da wannan, kuma tsaminsu shi ne katangar da ke kare manomin Jojiya ko bai san sunanta ba. Kankana da gwanda kuwa sun haura 5, dankali ma haka. Ita wannan ƙwayar a ƙasa take zama, tana son wuri mai ɗumi marar iska, wato daidai yanayin da ake tsimi a ciki. A 2011 fursunoni takwas a jihar Utah ta Amurka suka kamu da ita bayan sun sha giyar da suka haɗa a ɓoye da 'ya'yan itace da sukari, suka jefa wani tsohon dankali a ciki. A 2016 mutum 31 suka kamu a wani kurkuku a Mississippi. Guba ce mai shanye jiki daga sama zuwa ƙasa: fatar ido ta saki, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara, daga nan numfashi.

Abin da ya faru a Mozambik ya fi kusa da tukunyarmu. A Janairun 2015, a garin Chitima, mutum 75 suka mutu bayan sun sha giyar masara ta gargajiya a wajen zaman makoki. Nan da nan labari ya bazu cewa wani ne ya zuba matsarmamar kada. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Garin masarar da aka yi amfani da shi ne ambaliya ta jiƙa, wata bakteriya ta yi gida a ciki ta fitar da guba mai suna bongkrekik, wadda dafuwa ba ta kashewa. Babu ruwan wannan guba da maye. Da kunu aka dama da garin nan, ko koko, sakamakon ba zai bambanta ba.

Sai kuma mazubi. Ruwa mai tsami yana cin ƙarfe. Bokitin kwano mai rufin tutiya, tukunyar jan ƙarfe, tangaran mai fentin da ke da dalma, duk suna sakin abin da ke jikinsu a cikin tsimi. Masu turara barasa a daji da ke amfani da tsohon lagireton mota don sanyaya tururi suna zuba wa mutane dalma ne a hankali, ga ragowar ruwan sanyaya inji da shi ma guba ne. Jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi ko fetur a ciki kuwa, wanki ba ya mayar da ita mazubin abinci, domin roba na tsotse abin da aka zuba mata.

Idan aka dubi yadda masu yin tsimi a gida a Turai da Amurka ke tafiyar da shi, za a ga duk dabararsu a kan abu ɗaya take: a ba yis nasara da wuri kafin wata ƙwayar ta samu gindin zama. Suna zaɓen lafiyayyun 'ya'yan itace, ruɓaɓɓe ko mai fumfuna ba ya shiga. Suna amfani da gilashi ko robar da aka yi don abinci, su wanke su kashe ƙwayoyin cuta. Sukan dafa ruwan ko su sa masa ɗan sinadarin salfait, sannan su zuba yis na musamman mai yawa maimakon jiran na iska. Idan ɗan itacen ba shi da tsami, su ƙara masa. Suna ajiye shi a wuri mai sanyin digiri 18 zuwa 24, domin zafi na gajiyar da yis ya kuma sa shi fitar da sinadarai masu wari da sa ciwon kai. A bakin mazubin akwai ɗan lanƙwasasshen bututu mai ruwa a ciki, iskar kabon ta fita, ta waje ba ta shiga. Suna da ma'aunin kaurin ruwa da ke nuna ko sukari ya ƙare, kuma ba sa rufewa a kwalba sai lambar ta tsaya cak kwanaki a jere.

Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. Lita ɗaya ta ruwa mai giram 100 na sukari tana fitar da iska wajen lita 25. A toshe ta a kwalbar da ba a yi don haka ba, sai ta tarwatse, kuma raunin da aka fi samu a ido ne da fuska. Kwalbar shamfen, wato giyar inabi mai kumfa, da ake gani mai kauri, matsin da ke cikinta ya ninka na tayar mota sau biyu zuwa uku.

Ko da an bi duk wannan, abin da aka samu a ƙarshe dai etanol ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 da shan barasa a 2019, cibiyarta mai binciken ciwon daji kuma ta sa ta a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa shi tun 1988. Tsabtar mazubi na hana mutuwar dare ɗaya, ba ta hana ciwon hanta.

To mu dawo ɗakin girkinmu, inda ba a nufin yin giya amma kayan aikinta duk sun hallara. Zoɓo da sukari da ɓawon abarba, a gorar roba, a zafin Kano ko Maraɗi na watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga wuta babu. Mutanen Meziko suna da wani abin sha mai suna tefache, kuma da ɓawon abarba da sukari da ruwa kawai suke yinsa, su bar shi kwana biyu ko uku ya tsimu, saboda ɓawon cike yake da yis. Mai zoɓon da ta dafa komai, sannan bayan ya huce ta jefa ɗanyen ɓawo ko ta markaɗa abarba ta zuba, ta rushe amfanin dafuwar da hannunta. Kunun aya da dabino ya fi saurin juyawa, kuma shi ba shi da tsamin zoɓo da zai kare shi daga bakteriya, shi ya sa yake ɓata ciki tun kafin a yi maganar maye. Alamomin a bayyane suke: gora ta yi tauri ko gindinta ya kumbura, ta yi huci idan an buɗe, kumfa na tasowa daga ƙasa, zaƙi ya ragu, abin yana ɗan cizon harshe. Bammi ma haka yake: da asuba ruwan zaƙi ne, cikin 'yan awoyi ya kai wajen kashi 4, gobe ya yi tsami. 'Ya'yan danya da yara ke tsotsa a karkara, a Namibiya da Afirka ta Kudu da su ake yin giya a cikin 'yan kwanaki.

Magabata sun lura da wannan tun kafin a ƙera madubin ganin ƙwayoyin cuta. Ya tabbata daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar da kashegari da rana ta uku zuwa yamma, abin da ya rage kuma a ba wani ko a zubar. Wanda ya karanta Risala zai tuna hanin da aka ambata na yin tsimi a cikin duma da mazubin da aka shafe da kwalta, da kuma na haɗa iri biyu a jiƙo ɗaya. Malamai sun bayyana dalili da cewa abin sha na saurin juyawa a irin waɗannan ba tare da mai shi ya ankara ba. Duk matar da ke ajiye ƙwarya ta musamman don kindirmo ta san mazubi mai ƙananan ramuka na riƙe iri daga jiya zuwa yau. An kuma ruwaito Sayyadina Umar ya yarda wa mutanen Sham su sha ruwan inabin da aka dafa har kashi biyu cikin uku ya ƙone, kuma a irin wannan kauri yis ba ya iya aiki, kamar yadda ba ya iyawa a zuma. Kwana ukun nan dai ba lasisi ba ne ga kowane yanayi. A Sudan har yau ana ta ja-in-ja kan sharbot, jiƙon dabinon da ake yi lokacin babbar salla, kuma duk gardamar a kan awa nawa ya yi ne.

Hana juyawar ba ya bukatar komai sai abin da aka sani: a dafa duk kayan haɗi tare, a zuba a gora mai tsabta, a sanyaya da wuri, a yi daidai wanda zai ƙare a yini. Kamfanoni na ƙara benzowet ko sobet, shi ya sa ruwan kwali ke daɗewa, amma da ma'auni suke sawa. Sayen farin gari marar suna a kasuwa don ƙara tsami ko hana lalacewa shi ne ya jefa Kano cikin tashin hankali a Maris ɗin 2021, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti wasu suka rasu, hukumar NAFDAC kuma ta ce wani sinadarin masana'antu ne aka sayar da sunan ɗan tsami.

Idan aka bar tsimi a buɗe, tafiyar ba ta tsayawa a barasa. Wata bakteriya mai son iska, wadda ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace ke yawo da ita, takan cinye etanol ta mayar da shi asid. Wannan shi ne khal, har da na tuffa da ake nema a shagunan magungunan Musulunci, mai tsamin kashi 4 zuwa 5. Babu khal na tsimi da bai ratsa ta matakin barasa ba. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juya khal da kanta ta halatta, sun kuma saɓa idan mutum ne ya sa hannu ya juyar da ita. Mai son yinsa a gida yakan zuba tsohon khal mai rai tun ranar farko, ya rufe bakin tulun da ƙyalle maimakon murfi, ta yadda bakteriyar za ta riƙa cinye barasar tana fitowa, sannan ya jira makonni har warin giya ya ɓace gaba ɗaya.